Neman Fuskar Benson a Talabijin

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

Matar fasto ce ta ce in riƙa rubutu, wai yana rage nauyin zuciya. Ni Damaris da na tsaya a aji uku na sakandare, me zan rubuta? To, ga shi dai na fara.

Baƙi sun watse. Saura ni da Mama, uwar mijina, sai Harrison ƙanensa da ke leƙowa in ya ajiye keke napep ɗinsa. An mayar da kujerun coci. An bar min kuloli biyu da ba nawa ba, an tafi da babbar tukunyata.

Mama ta ce ba za ta koma ƙauye ba. Ruwa ya sauka, gonar cittarta na jira, amma ta ce ƙafarta ba za ta taka mota ba sai ta ga fuskar ɗanta. Ba a buɗe akwatin gawar ba ranar jana'iza. Ba zan rubuta dalili ba.

Na miƙa mata takardar jana'iza mai hotonsa. Ta kai ta har bakin hancinta saboda yanar da ke idonta, ta daɗe tana dubawa. Sai ta ce, "Wane ne wannan?"

Na ce, "Benson ne, Mama."

Ta ce, "Allah ya kiyaye. Wannan ɓarawon akuya ne da aka kama a kasuwa."

Gaskiyarta. Daga katin zaɓe Harrison ya ciro hoton, shi kaɗai muka samu a gaggauce.

Yau lafiya lau.

Talata, 6 ga Mayu, da yamma

Shekara da shekaru mutum yana ɗaukar hoton jama'a. Biki, suna, baftisma, walimar sauka, daga Kakuri har Makera da wuya ka shiga falon da aikinsa bai rataye a bango ba. Amma nasa ko ɗaya babu. Hotunan aurenmu ruwa ya ci shekarar da kogi ya shigo mana gida a Nasarawa. Wayarsa ba ta dawo ba. Tawa kuwa ƙaramar nan ce mai tocila.

Matan zumunta sun bincika wayoyinsu, sun samo shi da yawa. Ga Benson ta ƙeya, ga Benson a tsugune, ga Benson bisa benci. Duk inda ya juyo, kyamara ta rufe fuskar. Mama ta ce ita mutum ta haifa, ba kyamara ba.

Fasto ya sa sujadar godiya Lahadin ƙarshen wata. Ranar ce motar 'yan ƙauye za ta koma. In Mama ba ta shiga ba, cittar bana ta tafi, kuma da ita take ci duk shekara.

Ni ma in na rufe ido, kyamarar nake gani.

Laraba, 7 ga Mayu, da rana

Harrison ya ce, "Matarmu, ai komai na cikin kwamfutarsa. Duk hoton da ya taɓa ɗauka. Dole wani wuri ya yi kuskure ya faɗo ciki."

Kwamfutar na nan lafiya. Monita ce babu. Lokacin zaman makoki mata sun buƙaci tebur na zuba abinci, sai suka sauke monitar, suka kwantar da ita a kan gado, suka rufa mata zane don kada ta yi datti. Wata ta shigo a gajiye ta zauna. Ba zan faɗi sunanta ba, don babba ce a zumunta kuma ta yi min ɗawainiya ba kaɗan ba. Mama Celina ce. Ta ce ta ji ƙas, ta zaci ƙugunta ne.

Na ce sai mu nemi wata monitar. Harrison ya yi dariya, ya ce, "Wa ke sayen monita a zamanin nan? Ga talabijin ƙato a falo. Monita ai talabijin ce da ba ta gama girma ba."

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan la'asar

Harrison ya ɗauko kwamfutar ya dire a falo. Kebul ya ƙi shiga. Bakin kwamfuta shuɗi ne mai ramuka, bakin talabijin siriri ne kamar na asusu. Harrison ya juya kebul sama, ya juya ƙasa, ya hura masa iska, ya ce bari ya ɗan feƙe shi da wuƙa. Nan na ƙwace.

Muka hau kekensa zuwa Makera wurin Malam Lawal, abokin Benson, mai sayar da kayan kwamfuta na hannu. Lokacin makoki kullum sai ya zo ya zauna a waje cikin maza, ba ya cewa komai. Yau kam ya fanshe.

Ya ce, "Madam, talabijin na kallo ne daga nesa, monita ta aiki ce daga kusa. Kin taɓa ganin an tsince shinkafa da shebur?"

Harrison ya ce, "Matarmu, so yake ya sayar miki."

Malam Lawal ya ce, "To da rabawa aka ce maka ina yi? Kai in mutum ya ce zai taka a ƙasa, ba ka ce masa rana ta yi zafi?"

Sun yi ta yi. Ƙarshe ya ba mu wani ɗan abu mai baki biyu, ɗaya na kwamfuta ɗaya na talabijin, ya ce mu je, za mu dawo. Na buɗe jaka, ya ɗaure fuska, na rufe.

Juma'a, 9 ga Mayu, da yamma

Ya kama! Harrison ya yi ihu kamar an ci ƙwallo, ya tuna gidan makoki ne, ya mayar da ihun tari.

Sai dai talabijin ɗin ya cinye gefe-gefe. Sunayen foldoli duk babu farkonsu. Wurin da ake dannawa a rufe abu ya shige sama, ba a ganinsa, sai lalube. 'Yar kibiyar nan kuma tafiyar mai ciwon ƙafa take yi, ka tura ta yanzu ta iso anjima, in ta kai bango ta ɓace. Harrison ya yi ta kiranta, "Fito mana, na gan ki!"

Amare duk sun koma ja kamar an tsoma su a manja.

Mama ta ja kujera har gwiwarta na taɓa teburin. A nan kam tana gani. Ta ce, "Ku wuce, wannan ba shi ba ne. Ku wuce. Kai, wa ya ɗinka wa wannan riga? Ku wuce."

Asabar, 10 ga Mayu

Babu wuta tun safe.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan coci

Na zuba abinci kwano uku. Mu biyu ne.

Talata, 13 ga Mayu, da yamma

Labari ya bazu cewa ana nuna bukukuwan unguwa a gidan Benson. Falo ya koma gidan kallo. Kowa ya shigo da gaisuwa a baki, ido a kan talabijin. "Sannu da haƙuri, Damaris. Kai, ba bikin Eunice ba ne wannan? Tsaya, tsaya, koma baya!"

Mama Celina ma ta zo da kunu. Tana zama sai ga ta a talabijin, a wani biki, tana zuba nama a jaka. Hoto bayan hoto, kamar Benson ya bi ta da gangan. Kowa ya juyo yana kallonta. Ta kurɓi kunu ta ce, "Talabijin ne ke ƙara wa abu girma. Jakar ba ta kai haka ba."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Ban san lokacin da ta juye ta zama kuka ba. Mata suka kai ni ɗaki.

Yau lafiya lau.

Alhamis, 15 ga Mayu, da rana

Mun same shi a madubin ɗakin amarya. Kyamara a fuska. Mun same shi a gilashin motar ango. Kyamara a fuska. Har a baƙin tabarau na wani ango mun same shi, su biyu ƙanana, kowanne da kyamararsa.

Akwai wani hoton dattawa a bikin Bilkisu, 'yar Malam Lawal. Sun jeru da manyan riguna. Daga can gefe wani hannu ya shigo yana gyara wa wani tsoho hula. Mama ta ce, "Tsaya." Ta ɗora yatsa a kan gilashin. "Hannunsa ne. Ga tabon lauje."

Harrison ya ce, "To Mama, ai kin gan shi."

Ta ce, "Kai in ka je tasha tarbar mutum, aka miƙo maka hannu ta taga, sai ka koma gida?"

Ba ta ci tuwo ba.

Asabar, 17 ga Mayu, da hantsi

Kaina kamar ana daka. In na zauna nesa ba na iya karanta sunayen foldoli, in na matso kusa rubutun ya narke, haske ya cika min ido, wuya ya ƙage da bin kibiya daga wannan bango zuwa wancan. Na buɗe folda ɗaya sau uku ban sani ba, don duk "kin" da "una" nake gani, biki da suna sun rasa kawunansu.

Benson, me ya sa ba ka taɓa miƙa wa wani kyamarar ba? Sau nawa na ce ka tsaya in ɗauke ka, ka ce wanzami ba ya son jarfa?

Litinin, 19 ga Mayu, da yamma

Malam Lawal ya leƙo ya same ni da jiƙaƙƙen tsumma a ido. Bai ce "na faɗa miki" ba. Ya dai kalli Harrison ya yi gyaran murya har sau biyu, wanda ya fi faɗar ciwo.

Ya ce gobe in zo in zaɓi monita aro. In ta yi, mu yi magana wata rana. In ba ta yi ba, in dawo da ita, amma kada in kwantar da ita a gado.

Saura wannan makon kaɗai. An aiko daga ƙauye cewa maƙwabta sun gama shuka. Mama ta ce Allah ya ba su albarka, ta juya fuska bango.

Talata, 20 ga Mayu, da rana

Ban san monita kala-kala ba ce sai yau. Akwai mai faɗi, akwai mai kusurwa huɗu kamar tagar banɗaki. Wata da layi ja a tsakiya, Malam Lawal ya ce in na saba ba zan riƙa ganinsa ba. Wata in ka kalle ta daga gefe sai komai ya koma duhu, sai ka zauna cak a gabanta kamar mai ɗaukar fasfo. Wata kuma rubutun ofishin Turawan da suka yi aiki da ita ya kama jikinta, yana nan kamar fatalwa a bayan komai.

Kowacce ya kunna sai ya nuna min furanni da wata Baturiya a bakin teku. Ya ce, "Madam, dubi kala!"

Na ce, "Malam, ni ba Baturiya nake nema ba. Nuna min baƙin mutum."

Benson ne ke faɗa kullum, wai kowace na'ura ta iya farin mutum, a kan baƙi ake gane ta ƙwarai. Shi kuwa baƙi ne wuluk, Malam Lawal ma haka.

Sai ya sa hotonsa na Sallah. A monita ta farko, hula da haƙora kawai muka gani. Harrison ya ce, "Oga Lawal, ina sauranka?" A ta biyu ya fito kore kamar ya kwana a miyar kuka. A babbar nan mai sheƙi da yake ta yabo tun shigowarmu, hancinsa ya ɓace gaba ɗaya. Ya ce wannan dai hasken shago ne.

Can ƙasan tebur akwai wata 'yar tsohuwa, ƙafarta ɗaure da waya, ba ta da sheƙi ko kaɗan. Na ce a gwada. A nan ne Malam Lawal ya fito mutum, da tsagar kumatunsa da furfurar gemu.

Na ce, "Wannan."

Ya ce, "Wannan ai na ajiye ta ne in cire kayan cikinta."

Harrison ya ce, "Matarmu, duk shagon nan ki rasa abin ɗauka sai tire?"

Na rungumo ta a cinya har gida. Duk ramin da keke ya faɗa sai in ce Yesu.

Laraba, 21 ga Mayu, da hantsi

Ashe kwamfuta na da agogo a ƙasa. Ashe foldoli na da cikakken suna. Duk abin da talabijin ya cinye, 'yar tsohuwar nan ta amayo shi.

Na buɗe bikin Bilkisu don in sake ganin hannun.

Hannun na da kafaɗa. Kafaɗar na da wuya.

Na tashi na je na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Laraba, da la'asar

Yana can a ƙarshen hoton, daidai inda talabijin ke yankewa. Ya duƙo yana gyara hular, ya juyo da fuska, bakinsa a buɗe yana dariya. Babu kyamara. Mako biyu muna wucewa ta kansa.

Na aika aka kira Malam Lawal. Ya duba, ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Ni na danna. Ya kafa kyamara a kan ƙafafunta ya ruga gyara wa Baffa hula, ni kuma na ce bari in taɓa in ji. Har faɗa ya yi min, wai na ɓata masa hoto." Sai ya fita waje wai zai amsa waya. Wayar na kan kujera.

Na kamo hannun Mama na zaunar da ita. Fuskar ba ta wuce farcen babban yatsa ba. Malam Lawal ya yanko ta, ya ƙara mata girma har ta cika monita. Mama ta matso, ta ja baya, ta rufe ido ɗaya.

Ta ce, "'Yata, haske kawai nake gani da wani duhu a tsakiya."

Harrison ya kalli Malam Lawal. Ya dai yi gyaran murya sau biyu.

Alhamis, 22 ga Mayu

Babu wuta. Mama ta yi wanka ta sa zanen zumunta ta zauna gaban talabijin tun safe. Har rana ta faɗi.

Juma'a, 23 ga Mayu, da yamma

Harrison ya aro janareta ya ɗauro a keke. Aka cire kebul daga monita aka mayar talabijin. Yanzu da fuskar ke tsakiya, babu abin da zai yanke.

Sai ga Benson ya cika bango. Amma wane Benson! Talabijin ya ja shi gefe da gefe. Mutumin da duk rayuwarsa kamar sandar rake, ga shi da kumatu, ga wuya har ninki, fata na sheƙi kamar ɗan kwangilar da aka biya.

Harrison ya ce, "Kai! Yaya ya ci kuɗin gwamnati!"

Malam Lawal ya ce, "Ka ga abin da nake faɗa? Talabijin maƙaryaci ne. Ba ni rimot."

"Talabijin ɗin yayana ne, ni zan gyara."

Suka kama kokawa da rimot, manya da su. Aka ƙara murya, aka rage, aka shiga wata tasha ana tallan maganin basir, aka dawo. Can wani ya taɓa daidai, Benson ya tsuke, ya koma siririnsa.

Mama ta buga sanda a ƙasa. "Ku mayar!"

Duk muka juyo. Ashe tun ɗazu tana tsaye, tafin hannunta a kan kumatunsa.

Malam Lawal ya ce, "Mama, wancan ba daidai ba ne. Wannan ne ainihin yadda yake."

Ta ce, "Ɗana, ni za ka gaya wa yadda yake? Ni na goya shi, ƙashinsa ya yi ta sukar bayana. Na san ƙarya talabijin ke yi. Tun yana yaro nake cewa wata rana zai zauna ya huta, ya yi jiki kamar kakansa. Ku mayar min in ga yadda da zai zama."

Malam Lawal da kansa ya mayar.

Ta daɗe a tsaye. Ta yi masa magana da yarenmu ƙasa-ƙasa, ba zan rubuta ba. Da ta gama ta ce, "Damaris, akwai sauran tuwon nan?"

Lahadi, 25 ga Mayu, da yamma

An yi sujada. Malam Lawal ya wanko hoto biyu ya sa a firam, mai ƙiba da siriri. Ya ce tun da yake bai taɓa ɓata hoto da gangan ba sai jiya, Allah ya yafe masa. Ya tsaya a bakin ƙofar coci har aka tashi.

A tasha Mama ta shafa duka biyun, ta rungume mai ƙibar. Ta ce, "Ke siririn kika aura, riƙe kayanki." Ta shiga gaba, ta hana a sa firam ɗin a but ɗin mota, ta ce ɗanta ba doya ba ne. Direba ya ce to sai ta biya masa kujera. Ta ce ya gwada karɓa.

Harrison na so in mayar da monita tunda aiki ya ƙare. Na ce a'a. Na kai ta ɗaki, kan teburinta.

Na buɗe hoton duka, ba yankakken ba. Sai yanzu na lura ba Malam Lawal kake kallo ba, ba kyamara ba. Idonka ya wuce can hagu, wajen rumfar mata. Na tuna. Nan nake tsaye da farantin da na ɓoye maka, ina ɗaga maka shi don ka san na samo.

Ban sani ba ko ni kake wa dariyar ko naman. Babu wanda zan tambaya, don haka na yanke ni ce.